Motar Baba da Ɗakin Inna

Ranar wata Asabar, mako guda bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, aka turo wata tsohuwar jif cikin gidanmu na Unguwar Shanu. Ba ta zaure ta shigo ba, don zaurenmu ko baro sai an karkata shi. Ruwan sama ne ya kayar da katangar baya, ta wannan giɓin majiya ƙarfi suka turo ta, taya biyu a sace, gilashi a fashe. Baba tsohon direba ne, a gwanjo ya same ta da ɗan abin da aka sallame shi da shi. Umma ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, wannan gawar fa?"

Don Inna, mahaifiyarsa, ya saye ta. Ta tsufa a hannunmu, kullum zancenta ƙauyensu da ke can bayan Funtuwa, inda ƙanwarta take. Hanyar duk yashi ce da rafi, motar haya ba ta shiga, ƙafafun Inna kuma sun daina hawa babur. Baba ya ce sai motar da duk tayoyinta huɗu ke ja, kuma shi da kansa zai kai ta.

Shekara uku ana abu ɗaya. Duk ƙarshen wata Baba zai tafi kasuwar 'yan ƙarafa ta Panteka ya dawo da ƙarfe guda a leda, yana murna kamar ya sayo ragon layya. Abin da ba a iya saye, sai ya ƙirƙira: kwali ya zama gasket mai hana injin yoyo, tsohon tub na taya ya zama roba, Umma ta ɗinke kujeru da buhu tana mita. Ni ce mai wanke notuna da kananzir da tsohon burushi, in jera su a gwangwanayen madara, kuma kaitona in na haɗa na birki da na injin! Da rana motar tamu ce mu yara, mun je Makka a cikinta ya fi a ƙirga, kaji kuma suka mayar da ƙarƙashin kujera wurin ƙwai.

A cikin shekarun nan aka tayar da katanga, aka kuma gina wa Inna ɗaki a jikinta, don na da yana yoyo. Magini ya tambaya ta ina mota za ta fita. Aka yi dariya, Baba ya ce, "In ta tashi ma ga yadda za a yi." Gaskiya ita ce, ban da Inna babu wanda ya yarda za ta tashi, ina jin har shi kansa.

Sai ga shi wata safiya motar ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe gida, kaji suka watse, Umma ta rangaɗa guɗa. Baba na murmushi ya ɗaga kai ya dubi inda motar ta shigo, murmushin ya ɗauke. Ta ko'ina gidajen maƙwabta ne, hanya ɗaya ce, ta cikin ɗakin Inna. Ya je ya durƙusa gaban Inna. Ita kuwa ta riga ta ɗaure ƙullin kayanta.

"Rushe shi, Garba," in ji ta. "Ai ba dawowa zan yi ba."

Muka yi dariya, mun ɗauka irin barkwancinta ne. Aka rushe ɗakin, ya kai ta, ta ci tuwon sabuwar dawa da ƙanwarta, kafin damina ta zagayo aka binne ta a can.

Yau ƙofar ƙarfe ce a wurin, ta nan nake shiga da motata duk sanda na je gaida Umma. Motar lafiyayya ce, ban taɓa wanke notinta ko ɗaya ba, amma wallahi ina kewar warin kananzir ɗin nan. Har yanzu in zan wuce ta ƙofar sai na rage gudu na yi sallama, don ɗakin Inna nake ratsawa.