Mai Shuka Wake a Watan Mayu

A kasuwar Hobart, can tsibirin da Ingila ke jibge fursunoninta, ga wani dattijo tsaye gaban Keziah mai sayar da iri. Tsohuwar rigar fursuna ce a jikinsa. Babu mari a ƙafarsa, amma takunsa gajere ne, kamar har yanzu sarƙar na nan. Irin wake yake zaɓa ɗaya-ɗaya, da yatsun da fasa dutse ya lanƙwasa.

"Haba baba, wake a watan Mayu?" in ji Keziah. "Nan ba Ingila ba ne. Sanyi ke shigowa, ƙonewa zai yi."

"Na sani, 'yar nan. Bara ma ya ƙone."

"To, asarar ta mece ce?"

"Yanzu matata Tamsin ke shuka nata a can gida. Aikin da ya rage muna yi tare ke nan."

Ina tsaye gefe ina jin su. Ni ma jirgin fursunoni ne ya kawo ni, na san idon mai ɗaurin rai da rai. Wataƙila Tamsin ta yi wani auren, wataƙila ciyawa ta rufe kabarinta. Ba mai gaya masa.

Yana ƙulle waken a haɓar riga.

"Ki ajiye min na baɗi," in ji shi.