Yana Masallaci, Inna

Shekarun baya, ina karatu a Alƙahira, ɗaki ɗaya muke da wani abokina ɗan Nijar a unguwar Ainu Shams. Bayan la'asar mukan kalli tsofaffin finafinan Amurka marasa kala, wai don idonmu ya saba da fassarar Larabcin da ke gudu a ƙasan talabijin. Hujjar da muke ba kanmu ke nan. Na mahaƙa zinariya muka fi so: mutane su shiga duwatsu suna aminai, su fito ba mai yarda da wani. Fim na ƙarewa sai in hau wa'azi a kan kwaɗayi, har da jawo aya. Shi ba ya tanka mini. Ashe yadda suke tace yashi a faranti yake kallo.

Ana saura wata biyu jarrabawa ya ce zai bi wasu 'yan Sudan na unguwar Arba wa Nus zuwa wajen haƙar zinariya a hamada. Abu ɗaya ya roƙe ni. Mahaifiyarsa duk Juma'a takan kira shi, in ba ta same shi ba sai ta kira wayata. To in ce mata yana masallaci wajen darasi. In ya dace, da kasona. Na ɗan yi gunaguni don kar a ce ban yi ba, sannan na ce tamam, na yarda. Ni mai wa'azin nan, ko minti biyar ban kai ba na miƙa wuya.

Da farko yakan kira ni. Daga baya wayarsa ta daina shiga. Jarrabawa ta zo ta wuce, kujerarsa ba kowa. Kowace Juma'a tun a sahun salla nake tunanin kiran mahaifiyarsa. Ta kira, mu gaisa, in ce, "Yana masallaci, Inna." Ta sa mini albarka. Albarkar nan ta fi komai gajiyar da ni.

A wata na biyar na kasa. Na faɗa mata komai, har da maganar kason. Sai ta ce, "Ɗana, yaron da na haifa bai taɓa yin wata guda a masallaci ba. Na daɗe da sani. Ina kiranka ne don kai ne na ƙarshen ganinsa."

Ya dawo daga baya, a rame, da tari, hannu wayam, makaranta kuma ta riga ta cire sunansa. Yanzu yana garinsu da iyali, mukan gaisa. Maganar kasona ba wanda ya sake tayarwa.

Har yau in na ci karo da irin finafinan nan ba na iya kai su ƙarshe. A cikinsu sai mutum ya riƙe zinariya a hannu kafin ya lalace. Ni ko ƙwaya ban gani ba, alkawarinta kawai na ji, na yi wata biyar ina yi wa uwar mutum ƙarya tana sa mini albarka.