Kadiri Na-Allah, Idon Mutanen Nesa

Duk ranar Lahadi, da an sallame azahar, Kadiri Na-Allah zai rufe shagonsa na gyaran rediyo da ke bakin kasuwar Malanville. Zai ɗaure sandar ƙarfe mai ƙafa uku, wadda wani maƙeri ya haɗa masa, a bayan moto, wato babur, ya jefa batura biyu a jaka, ya ɗauki laima. Laimar ta talho ce, wato wayarsa ta hannu, don in rana ta dake shi yakan yi zafi ya mutu ana tsakiyar wasa. Shi kuwa Kadiri a rana yake tsayawa. Inda duk ake buga balo, wato ƙwallon ƙafa, ko ake kokawa a ƙauyukanmu, can zai nufa, ya kafa sandarsa, ya watsa wasan kai tsaye a shafinsa na intanet, yana bayani da Hausa, yana juyawa Dendi, har a tashi. Shekara tara yana haka, babu wanda ya ɗauke shi aiki.

Ni direban babbar mota ne, rabin rayuwata a Kotonu na yi ta. Mu 'yan arewa da ke jiran lodi a bakin tashar jiragen ruwa mukan taru ƙarƙashin mota, talho ɗaya, kawuna goma. Ba wasan kaɗai muke kallo ba. Kadiri ya san haka, shi ya sa in an tafi hutun rabin lokaci yakan juya talhon a hankali cikin 'yan kallo. Wani ya hango ƙanensa, wani ya ce, "Ga tsohona can, ashe ya samu sauƙi." Ni ma a haka na fara ganin ɗana yana tafiya da ƙafarsa.

Marka, mai sayar da fura a bakin fili, ita ta ba ni labarin wasan ƙarshe na kofi tsakanin Malanville da Guéné. Saura minti uku, balo ta daki ƙarfen sama ta faɗo, mai tsaron gida ya cafe. 'Yan Guéné suka ce ta shiga, namu suka ce ba ta shiga ba, har an fara ɗaukar duwatsu. Mai tsaron gidan Malanville kuwa Abdurazak ne, ɗan wan Kadiri, wanda ya girma a gidansa. Alƙalin wasa ya zo wurin Kadiri ya ce, "Mi ka gani?"

Kadiri ya ce, "Ba ni za ka tambaya ba. Ga shi nan, duba da idonka." Ya mayar da hoton baya. Balo ta tsallake layi da taƙi guda.

Kofi ya tafi Guéné. Sati uku babu wanda ya kai masa rediyo gyara, wansa kuma ya daina amsa gaisuwarsa. Matarsa Sabuwa ta ce masa, "Mai gida, da ka ce batiri ya mutu, wa zai sani?" Ya ce, "Mutanen Kotonu da na Gaya sun gani tare da ni, Sabuwa. In na yi musu ƙarya yau, gobe da wane ido za su kalle ni?" Abdurazak da kansa ya kai shi gidan mahaifinsa daga baya, ya ce, "Baba, ni na cafe ta, na san inda na cafe ta. Ku bar Kawu ya huta."

Kai ne, Kadiri, wanda ba ya nuna ɗan wasa in ya karye yana kuka. Sai ka karkatar da talho zuwa bishiya, ka ce mu yi masa addu'a. Mun sha yi maka tsiya a kan haka, muna cewa muna son gani. Yanzu da 'ya'yanmu suka fara shiga fili, mun gane.

Lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, aka yi wata kokawa a Madécali. Akwai wani ɗan kokawa, Issufu, wanda mahaifiyarsa Hajjo ke kwance a Gaya, tsallaken kogi, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ko jirgin kwale-kwale ba ta iya shiga. 'Yarta ta rubuta a shafin Kadiri cewa tsohuwa ta ce a ɗaga ta zaune, tana son ta ga ɗanta. Rizo, wato sabis ɗin talho, a Madécali ba ya kamawa sai a kan wata katanga. Kadiri, mai shekara hamsin da takwas, ya hau katangar, ya riƙe talhon sama da hannu ɗaya fiye da awa guda, don sandar ba ta tsayuwa a can.

Aka kayar da Issufu. Jama'a suka ruga wajen wanda ya yi kaye. Kadiri ya sauko, ya iske Issufu zaune cikin ƙasa, kai a sunkuye. Ya dafa shi ya ce, "Tashi, ɗana. Innarka na kallo. Taho mu hau katanga ka gaishe ta." Issufu ya share ƙasar fuskarsa, suka hau tare. Ya dubi talhon ya ce, "Inna, an kada ni, amma lahiya lau nike. Kin ci abinci?" 'Yar ta rubuto cewa tsohuwa tana dariya tana hawaye, ta ce a gaya masa ubansa ma an sha kada shi. Bayan wata biyu Hajjo ta rasu. Har yau Issufu ba ya wuce shagon Kadiri bai sauka daga moto ya durƙusa ba.

Yanzu kafaɗar ta gaji, idanu sun fara hazo, likita ya hana shi tsayuwa a rana. Lahadin da ta wuce ya watsa wasansa na ƙarshe. Bai yi jawabi ba. Ya dai ce, "Mutanen nesa, ku yafe mini inda hoto ya yi rawa."

Mun yafe, Kadiri, kai ma ka yafe mana. Mun kalla, mun yi ihu, mun kashe talho, ba mu taɓa tambayar ko ka sha ruwa ba. Idon mutanen nesa, mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya saka wa Sabuwa da ta haƙura da Lahadi ɗari huɗu da ɗoriya.

Ku kuma masu talho a aljihu, wanda ya fi na Kadiri kyau sau goma, ga magana. Da na je gaishe shi jiya, bai tambaye ni hanya ba, bai tambaye ni Kotonu ba. Cewa ya yi, "Lahadi akwai wasa a Toumboutou. Ka ji wanda ya ce zai tahi ya watsa shi?"

Ban ji ba tukuna.