Ruwan da Kakana Ya Ɗaure

Jiya ina figar zakara, na zuba masa ruwan zafi, warin jiƙaƙƙen gashi ya taso mini, sai na ga hannuna ya tsince gashin wuyan nan masu sheƙi ya ajiye gefe. Ba ni na sa shi ba, sabo ne tun na yarinta. Na tsaya ina kallon gashin a kan faranti, raina ya ɓaci kamar yau aka yi abin. Ana cewa tuna yarinta daɗi gare shi. Ni wannan ba ya yi mini daɗi, kuma ba zan ƙawata shi don ku ji daɗin karantawa ba.

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni, a wani gida na katako da fasassun gwangwanaye a gindin dutse, tun famfo bai shigo unguwar ba, ruwa sai wanda aka ɗauko a garwa. Kakana masunci ne. Ku yi dariya in kun ga dama, masunci a Makka. Mu jikokinsa Sidi muke ce masa, kakata kuma Sitti, yadda yaran unguwa suke kiran nasu. Daga ƙasar Yawuri ya taso, kuma a can gidansu ne ke riƙe da sarautar ruwa ta ƙauyensu. Masu haƙar zinariya ne suka zo suka yi ta wanke ƙasa a rafinsu har ruwan ya koma ja, kifi ya ƙare, shi kuma ya ɗauki matarsa ya kamo hanyar gabas a ƙafa. Ku riƙe wannan. Ya taɓa gani da idonsa. Ba wanda zai ce mini bai san abin da ke tafe ba.

A Makka dako yake yi. Lokacin aikin Hajji yana Mina da kayan alhazai a ka, sauran watanni yana kasuwa. Amma bayan la'asar, in rana ta faɗa bayan dutse, tsofaffi irinsa sukan taru a ƙofar gidanmu a kan tabarma. Duk mutanen ruwa ne da tafiya ta jefo cikin duwatsu, wani daga Kabi, wani daga bakin tafkin Cadi. Ba hira suke yi sosai ba. Ƙugiya suke ɗaura wa gashin kaza. Ƙasar nan babu tana, ko ka tona har hannunka ya yi jini, to sai abokin kakana mai ido ɗaya, wanda ya daɗe a Sudan kafin ya ƙetaro, ya ce ya taɓa ganin wani Bature yana kama kifi da gashin tsuntsu da aka naɗa kamar ƙwaro. Suka koya. Suna zaune da zare a haƙora, manyan yatsun da dako ya fasa suna lallaɓa ɗan gashin da iska kaɗan za ta ɗauke. Sitti takan leƙo ta ce, “Majalisar gashin kaza ta zauna. Allah ya ba mu alheri.”

Ni ce mai kawo gashin. Duk gidan da aka yanka kaza a unguwa sai an gan ni. Na tattabarun Harami kuwa, ko a ƙasa na tsinto, Sidi ba ya karɓa. Da wannan na sayi wurina, don ranar da suka ce mace ba ta zuwa fatsa na ce to su nemo gashinsu da kansu. Ba su ƙara faɗa ba.

Inda suke zuwa wani kwari ne a wajen iyakar Harami. Ranar Alhamis bayan asuba mukan hau bayan motar da ta sauke kayan lambu tana komawa ba kaya. Ka yi ta ganin baƙin dutse da ƙaya har ka fid da rai, sai kawai ga kore. Idon ruwa ne ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ya taru a wani gurbi da bai fi tsakar gida ba, sannan ya bi lambatu ya shiga gonar dabinon wani tsohon Balarabe. Ban san yadda zan gaya wa wanda ya tashi a bakin kogi abin da wannan ruwa yake ga yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ba na sayarwa ba. Kana hango tsakuwar ƙasansa. Yana da sanyi har cikin haƙori. Akwai ƙamshin na'ana'a da danshi, ga mazari suna shawagi. Kifin ciki kuwa babbansu bai wuce tafin hannuna ba.

Tsofaffin ba sa cin abin da suka kama. Kifin bai kai a hura masa wuta ba, kuma sun san in suka ci sau biyu ya ƙare. Sukan goge ƙayar ƙugiya a dutse don kada ta yage masa baki, in ya kama su jiƙa hannu su cire shi su mayar. Ba a wanka da sabulu, ba a wanke kofin shayi a ciki, wanda bai kama komai ba shi ke dafa shayi, kuma kusan kullum mai ido ɗaya ne, shi da ya koya musu. Mai gonar ya bar su ne saboda suna share masa lambatu. Yana yi musu kallon mahaukata masu kirki. Sidi in ya wulla zaren, gashin ya sauka a kan ruwa ba ƙara, fuskarsa takan zama wata iri da ban taɓa gani a kasuwa ba. A kasuwa kowa “ya walad” yake ce masa, wato kai yaro, da furfurarsa. A nan ko tari mutum zai yi sai ya dube shi.

Wata shekara, da sanyi ya fara shigowa, muka iske an kafa rumfuna a saman kwarin, ana jin inji yana niƙa dutse. Wani mai kuɗi ne ya samu izini yana neman zinariya. Suna niƙa dutsen, su wanke garin da ruwa da zaiba, abin da ya rage su tara a rami. Leburorin yawancinsu namu ne, samarin Jarwal, cikinsu har da baffana, ƙanin mahaifina, ɗan autan Sidi. Ruwan gurbin bai canja ba tukuna, sai dai a gefe guda akwai wani fari-fari kamar an ɗauraye ƙwaryar nono. Sidi ya tsuguna ya ɗiba ya shinshina. Ranar bai wulla zare ba.

Mai gonar ya zo ya zauna da su. Ya ce ramin ya kusa cika, in ya cika nan za su sako shi, don nan ne gangare. Ya ce zai shiga gari ya kai ƙara, amma shi kaɗai ne, za a ce tsoho ne mai ƙorafi. Su zo su tsaya masa shaida, su da suka san ruwan, musamman Sidi da ya taɓa ganin irin wannan a ƙasarsu. Abin da ya roƙa ke nan. Su zo su tsaya su buɗe baki.

Da yamma majalisa ta zauna a ƙofar gidanmu, ba wanda ya taɓa gashi. Ina bayan ƙyaure ina ji. Wannan ya ce mu baƙi ne. Wancan ya ce rabinmu ba su da takardar zama, in ka shiga ofis da ƙafarka ba ka san ta inda za ka fito ba. Wani ya ce 'ya'yanmu ne ke cin abinci a wurin. Duk gaskiya ne, na sani, ba sai an tuna mini ba. Daga ƙarshe Sidi ya ce akwai hanyar da ba sai an je gaban kowa ba. Zai ɗaure ruwan.

A ƙasarsu, in kifi zai yi ƙwai, sarkin ruwa yakan kafa sanda a bakin rafi da ƙullin kaba a kanta. Daga ranar ba mai jefa taru, ba mai zuba komai, ba mai matsawa kusa, har shi kansa sarkin ruwan, sai ranar da ya kwance. Sidi ya ce leburorin 'ya'yanmu ne, sun san ƙulli, ba ɗan halak da zai tsallake shi. Tsofaffi suka yi ta gyaɗa kai, har da masu share ƙwalla. Sun samu abin da ya fi zuwa ofis sauƙi, kuma ya fi shi kama da girma.

Sitti ce ta banko ƙyauren har ta buge ni.

“Malam, wa za ka ɗaure wa ruwan? Mai injin daga Yawuri ya zo?”

“Mi kika sani ga sha'anin ruwa?” in ji Sidi.

“Na san na bar gidan ubana saboda shi, na haihu a hanya na binne a hanya. Can ma sanda kuka kafa. Ku tashi ku bi bawan Allah nan ku yi magana!”

Ya ce ta shiga ciki akwai mutane. Ta shiga, amma ranar tuwo da gudaji aka ci.

Alhamis ta gaba aka kafa sandar. Gorarsa ta fatsa ya sa, wadda ya fi so, ya ƙulla ganyen dabino a kai tunda babu kaba. Aka yi addu'a. Mai gonar yana tsaye yana kallo, da aka fassara masa sai ya juya ya tafi ba sallama. Sidi ya ce sai bayan Hajji za a kwance. Ni na tambaya, to wa zai riƙa zuwa yana dubawa? Ya shafa kaina ya ce, “Matata sarkin gaggawa. Ruwan da aka ɗaure ba a leƙensa.”

To kun ji. Mutanen da suka damu da ruwan nan a duk faɗin ƙasar, su kaɗai ne suka bi dokar. Suka hana kansu zuwa. Watanni suka wuce suna zaune a Jarwal suna naɗa gashi, suna tara ƙugiyoyi a gwangwanin shayi don ranar buɗewa, suna cewa bana kifi zai yi ƙiba tunda ya huta. Baffa in ya zo hutu Sidi ba ya tambayarsa, don tambaya ma leƙe ce a wurinsa, shi kuma ba ya faɗa. Mai gonar ya je ya kai ƙararsa shi kaɗai, aka ce ya kawo shaidu.

Bayan Hajji, alhazai sun watse, kafaɗun tsofaffi duk sun saɓule da dako, muka hau mota da sabbin ƙugiyoyi da sukari da shayi. Tun kafin mu sauka wari ya tare mu, irin na tsohon ƙarfe da ruɓa. Gurbin ya cika da laka mai launin toka, ta bushe a gefe ta tsattsage. Ba tsakuwa, ba na'ana'a, ba mazari ko ɗaya. Dabinon da ke kusa da lambatu sun sunkuyar da kai, ganyensu ya ƙone. Mai gonar ya kwashe awakinsa ya tafi, an ce bayan da suka fara zubar da ciki.

Sandar kuwa tana nan tsaye. Ƙullin bai ko motsa ba. An jera mata duwatsu a gindi don kada ta faɗi. Kwatar da aka haƙo daga ramin ta taho tiryan-tiryan, da ta zo daf da sandar sai aka karkatar da ita, ta kewaye ta da kyau, sannan ta zube a cikin ruwan.

Baffa ya gangaro da gudu da ya hango mu, duk jikinsa farar ƙura. Ya tsuguna a gaban mahaifinsa ya ce, “Baba, wallahi ban bari kowa ya taɓa ta ba. Shugaban aiki ya ce a tuge, muka ce sai dai mu bar aikin.”

Yana jira a sa masa albarka. Kuma abin da har yau yake ci mini rai, an sa masa. Sidi ya daɗe yana kallon lakar, sannan ya ce, “Madalla. Allah shi yi maka albarka.” Ashe za su iya cewa sai dai mu bar aikin. Suna da wannan bakin, samari da yawa, a gaban mai kuɗi, ba takarda ba komai. Sun kashe shi a kan gora. Na ɗebi lakar na jefi baffana da ita a ƙirji, mai ido ɗaya ya riƙe ni, aka ce ba ni da kunya. Har gida ana yi mini faɗa. Sitti kaɗai ce ta ƙara mini nama a miya.

Sidi bai kwance ƙullin ba. Ya ce ba a kwance wa gawa. Majalisa ta ci gaba da zama ɗan lokaci, sai dai hannuwa ba abin yi, ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa. Masu injin ma ba su daɗe ba, zinariyar ba ta taka kara ta karya ba, suka kwashe kayansu suka bar ramin. Da Sidi ya rasu baffa ya je ya ɗauko gorar ya kawo wa Sitti, a ganinsa abin ajiyewa ne. Ta karɓa, ta karya a gwiwa, ta tura ƙarƙashin tukunyar abincin sadaka.

Yanzu famfo ya shigo Jarwal, ana rushe gidajen gwangwani ana ta da benaye don alhazai. Na yi makaranta, na san sunan abin da zaiba ke yi wa ruwa da cikin akuya, sanin da bai dawo da kifi ko ɗaya ba. Ina son kakana, kada wani ya juya mini magana. Amma har yau in an taru a kan wata matsala ta unguwa, wani dattijo ya gyara murya ya ce mu baƙi ne, a bi a hankali, sai in ji warin lakar nan, kuma ba na iya yin shiru. Shi ya sa ba a cika gayyata ta ba.

'Yar yayana ta shigo jiya ta iske ni tsaye a kan faranti. Hausarta ba ta da yawa, da Larabci ta tambaye ni me zan yi da gashin kaza. Na ce na kamun kifi ne. Ta yi dariya ta ce a ina? Na buɗe baki in gaya mata, sai na ga ba wurin da zan nuna. Na kwashe gashin na zuba a shara, na ce ta miƙo mini wuƙa.