Fatar Bodari da Salkar Babana

Ranar wata Alhamis ce a watan Oktoba na 1964, hantsi bai gama ɗagawa ba, ina tsugune a bayan akurkin tattabarun gidanmu a Agadas ina kallon abin da tarkon Baba ya kama. Kwana biyar ke nan wani abu yana shigowa ta magudanar ruwa, ya shanye ƙwai, ya bar mana gashin tattabaru a warwatse. Baba ya jingina wani faffaɗan dutse a kan ɗan itace, ya sa kan kaza a ƙarƙashi, da gari ya waye sai ga dutsen ya danne ɓarawon a wuya. Bodari ne. Ban taɓa ganinsa kusa ba sai ran nan: ɗan abu bai kai kyanwa ba, baƙi wuluk, da zane fari daga ƙeya har gindin wutsiya kamar an ja masa alli. Duk wanda ya leƙo sai ya toshe hanci ya koma. Kakata ta ce a ɗauke shi da sanda a kai bayan gari tun rana ba ta taɓa shi ba. Nan da nan na ce ni zan kai. Su wari suke ji, ni kuwa fata nake gani.

Gidanmu gidan jima ne. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ke jeme fatun awaki, wasu dukawa su saya su yi takalma, wasu ta ɗinke su salka, wato jakar ruwan matafiya. A tsakar gida akwai kwatarniya uku: ta toka mai zubar da gashi, ta kashin tattabaru mai sa fata laushi, da ta ruwan bagaruwa inda fata ke nuna. Tun ban iya ɗaura zane ba nake cikin aikin nan. Ni ke share akurki in tara kashin, ni ke dakan bagaruwa har tafin hannuna ya rine, ni ke jido ruwa, ni ke kora awaki bakin gari in dawo in tarar ƙawayena sun gama carabke. Abu ɗaya aka hana ni, shi ne wuƙa. Ni bahaguwa ce. Sau ɗaya, ina da shekara takwas, Kaka ta ba ni wuƙarta in kankare fatar ɗan akuya, na huda ta wuri biyu, daga ranar ta yanke hukunci. "Hagu ta tsarki ce, ba ta wuƙa ba," in ji ta, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai ta ji labarin hudar nan. Yayata Mariyama tana da shekara tara aka ba ta tata wuƙar. Ni ga ni da sha ɗaya ina daka. A lakkwal, wato makarantar boko, malaminmu, da muke ce wa Mushe da Faransanci, ya buge mini hagu in na ɗauki alli, a gida Kaka ta buge mini ita in na kai wa wuƙa. Duk inda na juya, hannuna laifi ne, abin kuwa yana ci mini rai ƙwarai.

Burina bai wuce in ɗauki fata ɗaya tun daga fiɗa har jima, in ajiye wa Kaka a gabanta, ta ga ba huda, ta ba ni wuƙa. Amma wa zai ba bahaguwa fatar akuya ta koyi aiki? Fatar bodari kaɗai ce ba mai so a duk garin. Da babu gara ba daɗi.

Alhamis ba lakkwal, saboda haka ina da wuni guda. Na ja shi da igiya har wani kango da ke hanyar ƙorama, na rataye shi a reshen aduwa. Wuƙata marfin gwangwanin sardin ce, na yi wata biyu ina wasa ta a dutse a ɓoye, kuma na wasa ta ta gefen da ya yi wa hannuna daidai. Wuƙaƙen Kaka duk ta gefen dama aka wasa su, a lokacin ban san wannan ne ya sa na huda fatar ɗan akuyan ba, na dai ji tawa tana bin hannuna. Fiɗar da na sani ita ce ta salka, wadda ba a tsaga ciki: a ɗan yanka a ƙafar baya, a hura iska har fata ta rabu da nama, a bubbuga jikin da tafin hannu, sannan a zare fatar ɗungum. Haka na ga mahauta suna yi wa awakinmu, haka kuwa na yi. Na soka ɗan kara a ƙafarsa, na hura, na hura, har ya kumbura ya yi tim. Sai na ɗaga hannu na buga masa. A bugu na uku ya rama.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ashe bodari yana da ƴan jakunkuna biyu a gindin wutsiya inda yake ajiyar warinsa, dutsen Baba kuma ya kashe shi farat ɗaya bai samu ya zubar ba. Ni na zo na hura, na matse masa su da hannuna. Abin ya feso mini a ƙirji da haɓa. Wanda bai taɓa jin wannan ɗoyin ba, ba yadda zan kwatanta masa. Idanuna suka rufe, hawaye da majina suka haɗu, na amayar da furar safe har da ta jiya. Na yi birgima a rairayi ina cuɗa jikina, ina zagin bodari, ina zagin mahauta, ina zagin kaina. Da numfashina ya dawo na dube shi yana lilo a reshe, na ce ai abin da ake gudu ya riga ya faru. Na ɗaure hancina da ɗankwali na koma.

Tunda na fara, bari in feɗe biri har wutsiya, ko da yake nawa bodari ne. Fatarsa ba ta da kauri ko kaɗan, in ka ja da ƙarfi ta yage, saboda haka yawancin aikin da babban yatsa na yi shi, ina turawa tsakanin fata da nama, wuƙa sai inda ya kama. Ƙafafu na bi su har farce. Wutsiya na zare ƙashinta a hankali tsakanin tsinke biyu. Kai ne ya ba ni wuya, musamman kunnuwa da fatar ido, na fi sa'a guda a kansu, ƙudaje sun yi mini rumfa, gumi yana shiga idona ba halin sharewa. Ana kiran azahar fatar ta fito ɗungum kamar ƴar jaka. Na juya cikinta waje, na barbaɗa toka da rairayi na kankare kitsen, na cuɗa ta da jan gishirin Tigidda da na ɓanɓaro daga na lasar awakinmu, na cusa mata busasshiyar ciyawa don kada ta manne, na rataye ta a inuwa cikin kangon inda kare ba zai kai ba.

A gida na ce ina cikin jan sa ne ya fashe. Inna ta wanke ni da toka sau uku, ta binne zanena, aka shimfiɗa mini tabarma kusa da awaki. Washegari a lakkwal ko zama ban yi ba yara suka dare, wata mai baki ta ce yau ajinmu mushe biyu ne, mai alli da mai wari. Mushe bai ji Hausar ba, amma hancinsa ya ji, ya sa na zauna a bakin ƙofa da allona har kwana uku. Duk na shanye. Kullum in na kora awaki sai in ratse kango, in ƙara gishiri, in kankare ɗan kitsen da ya rage, in murza ta a hannu. Da ta bushe na shinshina, na ji ba komai. Ban san hancina ne ya mutu ba.

Saura jima. Ba ni da tukunya, bagaruwa kuma Kaka ta san yawan abinta ko ido rufe. A kwatarniyar bagaruwa a lokacin akwai fata biyu na salka, kuma ba na kowa ba ne, na Baba ne. Zai bi ayarin gishiri zuwa Fachi da gero, ya dawo da gishiri da dabino, tafiyar da ake kwanaki ba rijiya. Kaka da kanta ta zaɓi awakin, ba ta yarda wani ya jeme wa ɗanta abin ruwa. Takan ce, "A hamadar Tenere ran mutum cikin salka yake." Na san wannan sarai. Amma na ce a raina ƴar fata da ba ta fi tafi biyu ba, me za ta yi wa kwatarniya guda? Da Kaka ta kishingiɗa bayan azahar na tura ta can ƙarƙashi, na mayar da murfi.

Ruwa ya tashi warin da gishiri ya kwantar. Kwana biyu bayan nan Kaka ta buɗe za ta juya fatunta, sai ta ja da baya. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta sa sanda ta laluba har ta tsamo ƴar fatata tana ɗiga, ta dube ni, ta ce wake ɗaya ke ɓata gari. Saura kwana huɗu ayari ya tashi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohuwar nan ta wuni biyu tana wanke salkunan, ta turara su, ta shafe su da man shanu, ta sake wankewa, bayanta na ciwo, ba ta ko bari in taimaka ba. Ɗaya ta lalace sam. Ɗayar da aka zuba ruwa aka ba Baba ya kurɓa, sai da ya runtse ido kafin ya haɗiye. Ya ari wata tsohuwar salka wurin maƙwabci, ya ce mai warin ma zai tafi da ita. Bai dake ni ba, cewa kawai ya yi, "Uwata ta jeme, ɗiyata ta sa turare, mi ya rage?" Da ya zane ni da na fi jin sauƙi.

Ranar da ayari ya tashi Kaka ta kira ni, ta ce in ɗauko abin nan in binne. Na kawo. Ta karɓa, kafin ta mayar mini sai hannunta na majemiya ya rinjaye ta. Ta juya cikin fatar waje, ta bi ta da babban yatsa tun daga wuya har wutsiya, ta ɗaga ta a rana, ta duba kunnuwa, ta daɗe a kan fatar ido. Sannan ta toshe kafofin da yatsunta, ta sa na zuba ruwa a ciki kamar yadda take gwada salka. Ko ɗigo bai fita ba. Na ce a raina yau ce ranar. Ta ɗago kai.

"Wa ya feɗe maki?"

Na ce ni ce. Ta ce da wace wuƙa. Na ruga na ɗauko marfin gwangwanina, ta juya shi ta ajiye a ƙasa.

"Ga wari, ga ƙarya. Ko Mariyama ba ta fidda fatar ido haka. In ba ki faɗin mahaucin da ya yi maki, ki riƙe abinki."

Na rantse, na yi kuka, na ce ta ba ni ko fatar ɓera ce in feɗe a gabanta. Ta ce ba ta da fatar ɓarna, kuma wadda ta zuba wa ubanta bodari a ruwa ba ta da bakin roƙo. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ran nan ba. Shaidata guda ce a duniya, ƴar fatar nan, kuma da hannuna na haƙa rami a kango na rufe ta.

Baba ya dawo bayan wata ɗaya da rabi, ya rame, ya yi baƙi. Ya ba da labari cewa tsohuwar salkar aro ta fashe tun a kwana na biyar, ruwan salkar nan mai warin bodari ya sha har Fachi ya sha har gida. Amfaninta ɗaya, in ji shi, duk ayarin ba wanda ya taɓa roƙonsa kurɓi. Kowa ya yi dariya, har Kaka. Ni na kasa, ina tuna yadda ya runtse ido.

Shekara uku bayan haka Kaka ta rasu ba ta ba ni wuƙa ba. Na ci gaba da lakkwal, na zama ungozoma, kuma duk cibiyar da na yanke a rayuwata da hagu na yanke ta. Yanzu masu tafiya Fachi jarkar roba suke ɗaurawa, kwatarniyoyin gidanmu biyu sun fashe, ta ukun kaji ke shan ruwa a ciki. Jikokina ba su san warin bagaruwa ba, balle na bodari, ɗaya daga cikinsu bahago ne kuma ba mai buge masa hannu. Na daɗe ina jin haushin tambayar nan ta Kaka, sai da na yi furfura na gane abin da ke cikinta: ta ga aikin, kuma aikin ya yi mata. Yabon da ta taɓa yi mini ke nan, shi ma wani ta ba.