Mai Ba da Waƙa a Bayan Layi

Daga ƙofar shagonta na atamfa a PZ, Adenike tana kallon matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, suna wucewa zuwa ibada cikin anko, ana buga tulu ana waƙa. Can baya ga wata tsohuwa siririya, zanenta irin nasu ne amma ya koɗe, ɗaurin kallabinta kuwa tsaf. Takan ɗan taka, sai ta ja ta tsaya. Yanzu ta tsaya gaban shagon, ta kama gefen wata atamfa.

"Nawa wannan, 'yata?"

Ko kallon atamfar ba ta yi. Idonta na kan matan, tana goga sharaɓarta da bayan ɗaya ƙafar. Adenike ta san wannan tsayuwa a wurin mahaifinta: ƙafa ta ɗaure in ana tafiya, ta saki in an tsaya. Mutane suka ce sanyi ne, likita ya ce jini ne ba ya sauka sosai.

"Mama, ga kujera."

"Ba gajiya na yi ba. Kaya nake dubawa."

Murya ce mai kauri, irin ta wadda ta shekara da shekaru a gaban layi tana ba da waƙa. Matan sun sha kwana, tulun ya yi nisa. A hankali tsohuwar ta ɗauko baitin da suka bari, ta kai shi ƙarshe, sannan ta yi shiru daidai gurbin amshi, tana jira.

Adenike ba 'yar cocinsu ba ce, Hausarta ma ta kasuwa ce. Amma ta amsa.