Soron Gidan Inji

Garinmu yana arewa da Daura, a kan hanyar Mai'adua, kuma a dā ba a san shi da komai ba sai injin matse gyaɗa. Wani attajiri ne ya kafa shi tun ban yi wayo ba. Da kaka manoma sukan kawo gyaɗa a kan jakuna da amalanke, manyan motoci su kwashi mai da tunkuza su yi kudu. Ƙanshin soyayyar gyaɗa yakan kama tufafin kowa, har a kasuwannin ƙauye ana gane mutanenmu da shi. Daga baya fari ya zo, cuta ta shiga gyaɗa, manoma suka koma gero da wake. Injin ya yi ta tafiya da ƙyar, har ranar da aka rufe shi. Attajirin ya rasu, magada suka sayar da ƙarafan, aka ɗaye kwanon rufi. Abin da ya rage tsaye shi ne soron shiga, ginin ƙasa mai zankwaye.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya yi adon fuskar soron yana saurayi. Magini ne, ɗan magina. Ya yi dagi a saman ƙofa kamar yadda aka saba, amma dama da hagu ya fitar da abubuwan wurin da laka: buhunan gyaɗa a jere, sikeli, babbar ƙafar inji, da mota mai bodin katako. Mun tashi muna wucewa ta gabansa, ba mai ɗaga kai ya duba.

Ina koyarwa a firamare lokacin da wani ɗan kasuwa ya sayi filin don ya gina shaguna. Ƙungiyar ci gaban garinmu, wadda nake cikinta, ta je ta roƙe shi ya bar soron, tunda shi kaɗai ne shaidar cewa an taɓa yin inji a nan. Ya yarda, da sharaɗin a gyara shi kafin damina, don ba ya son gini ya faɗo wa masu haya. Ruwa ya riga ya cinye rabin zanen. Aka ce ni zan yi wa Kawu magana.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya. Ya tsufa, ya daɗe da barin aiki, 'ya'yansa duk ginin bulo suke yi a Daura. Na yi masa bayani, ya saurara bai katse ni ba. Ya tambaya ko akwai mai kwaɓa masa ƙasa, na ce akwai. Ya ce a nemo makuba ta shafen bango, a kafa masa abin takawa mai ƙarfi, don gwiwoyinsa ba na dā ba ne.

Ya fara da ɓangaren hagu. An rataya tsofaffin buhuna a gaban bangon saboda kada rana ta busar da yaɓen da wuri, don haka ba wanda ya ga abin da yake yi. Ranar da aka sauke buhunan, sai ga babur a inda mota take, da mutum a kai, da jarkoki ɗaure a baya. Inda sikeli yake ya zana wayar hannu. Inda buhuna suke ya yi farantin sola a kan sanda. Aikin ya yi kyau, layukan sun fita tsaf.

Shugaban ƙungiyarmu, wani ma'aikacin asibiti mai ritaya, ransa ya ɓaci. Ya ce an kira tsoho ya adana tarihi, ya zo ya shafe shi. Wasu matasa suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Muka je wurin Kawu tare, shugaban ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya faɗi damuwarsa cikin ladabi.

Kawu ya ce, "Alhaji, wancan karon abin da ke shiga ta ƙofar nan na zana. Yanzu na zauna kwanaki ina kallo, ban ga buhu ko ɗaya ya wuce ba."

Shugaban ya ce ai shi ya sa ake son na dā, don yaran da ba su gani ba su gani. Ya ce mahaifinsa ya yi shekaru yana dako a gidan injin, kuma duk lokacin da ya wuce ya ga buhunan nan a bango, shi yake tunawa. Kawu ya san mahaifin nasa, tare suka yi samartaka. Ya ce hagu dai ta bushe, ba zai fasa aikin da ya gama ba, amma dama zai mayar da ita yadda take.

Haka aka yi. Ya bi sawun tsohon zanen da yatsa inda ya rage, inda ruwa ya cinye ya cike da abin da ya tuna. Ƙafar injin ta koma wurinta, ya kuma matsar da ita gefe kaɗan ya samar wa buhuna wuri a ƙarƙashinta. Wani tsohon direban injin ya zo ya duba, ya ce ƙafar ta fi ta gaske yawan haƙora. Kawu ya ce ta yiwu.

Ba a yi wani biki ba. An gina shagunan, soron ya zama hanyar shiga cikinsu, mai shayi ya kafa teburinsa a inuwarsa. Kawu ya ga damina biyu bayan nan, sannan Allah ya yi masa rasuwa. Shugaban ƙungiyar yana sahun gaba a jana'izarsa, ko da yake har yau in zancen ya taso yakan ce bai ji daɗin babur ɗin ba.

Yanzu wani magini daga Dutsi muke ɗauka yana sabunta yaɓen kafin ruwa ya sauka. Mun gaya masa ya bi layin da ya tarar, dama da hagu, kada ya ƙara komai. Bara ya nemi a bar shi ya yi nasa zanen a bangon baya, wanda ba komai a jikinsa. Ƙungiya ba ta zauna a kan maganar ba tukuna.